Kwamitocin Kula da Makarantu a Rano da Kibiya: Nauyi Ba Tare da Iko Ba

Bahaushe ya daɗe yana bambanta makarantu biyu ta fuskar mallaka. Makarantar allo ta gari ce: iyaye ke biyan kuɗin Laraba, su ke taya malam noma, su ke gyara masa zaure. Makarantar boko kuwa, tun zamanin En'e, "ta gwamnati" ake ce mata, abin gwamnati kuma a idon jama'a ba shi da takamaiman mai shi. Wannan giɓi ne Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta nemi cikewa bayan Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, inda ta amince a kafa wa kowace firamare kwamitin 'yan sa-kai, wanda aka fi sani da SBMC.

Bisa tsari, kwamitin ya ƙunshi wakilin sarauta, da malamin addini, da wakilan iyaye da na mata da na matasa, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, har da ɗalibai biyu, mace da namiji. Babu mai karɓar albashi a cikinsu. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017, ya horas da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano.

Amfaninsu a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya a bayyane yake. Ƙasa ce ta manoma, inda damina da kaka ke janye yara maza zuwa gona, talla kuma ta janye mata. Gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, amma doka ba ta sallama a ƙofar gida. Liman da mai unguwa ne ke iya tambayar magidanci dalilin da ya sa 'yarsa ta daina zuwa aji, kuma ya saurare su. Sakataren ilimi yana hedikwata. Mazaunin Rurum ko Tarai ne ke ganin ranar da malami bai zo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matsalar ita ce an ɗora wa kwamitin nauyi, ba a ba shi iko ba. Ɗaukar malamai da sauya musu wurin aiki da ladabtar da su duk suna hannun hukumar SUBEB da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Abin da ya rage wa kwamitin shi ne neman gudummawa da aikin gayya: a toshe rufi, a gyara benci. Bugu da ƙari, hedimasta ne sakataren kwamitin. Shi ke rubuta abin da aka tattauna, alhali aikinsa na cikin abubuwan da ake sa wa ido. A Ingila, tun Dokar Gyaran Ilimi ta 1988, 'yan sa-kai masu kula da makaranta ne ke amincewa da kasafin kuɗinta, kuma su ke zaɓen shugabanta. Saboda haka maganarsu take da nauyi.

Masu adawa da faɗaɗa ikon kwamitocin suna cewa da yawa daga cikin wakilan ba su yi boko ba, kuma 'yan siyasa za su iya mamaye su. Hujja ta biyu gaskiya ce, maganinta kuma shi ne a riƙa zaɓen wakilai a bainar jama'a, da wa'adi sananne. Ta farko kuwa ba ta da ƙarfi. Wanda ke riƙe lissafin adashi ko asusun masallaci ba zai kasa bin diddigin kuɗin alli ba. Abin da ke rufe masa baki shi ne takardun da ke zuwa da Turanci.

Abubuwa uku za su sauya lamarin. Na farko, a riƙa rubuta bayanan taro da rahoton kuɗi da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta su a gaban jama'a. Na biyu, a damƙa sakatariyar kwamitin ga wani wakili daban, hedimasta ya zama mai gabatar da rahoto. Na uku, a wajabta wa ofishin ilimi amsa ƙorafin kwamiti a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci. Masarautar Rano, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, tana iya bibiyar wannan ta hannun hakimai da dagatai. Sassan Hausa na jami'o'i kuma suna da aikin samar da daidaitattun kalmomin gudanarwa da kwamitocin za su yi amfani da su.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana kuma gina azuzuwa. Sai dai ajin da babu mai ikon tambayar abin da ake yi a cikinsa zai ci gaba da zama "na gwamnati". Ranar da ƙorafin kwamiti ya fara samun amsa ce mutanen gari za su fara cewa "makarantarmu".