Kafin a ɗora bene a Adjamé, a fara tambayar ƙasa

Duk wanda ke zuwa Abijan sarin kaya, ko daga Maradi ya taso ko daga Kano, ya san yadda Adjamé ta koma a 'yan shekarun nan. Daga wajen ofishin magajin gari zuwa Forum, ko'ina ka duba haƙa ake yi. An buɗe gada ta huɗu da ke haɗa Yopougon da wannan ɓangare a shekarar 2024, ga aikin jirgin ƙasan cikin gari na kusan kilomita 37 daga Anyama zuwa Port-Bouët, wanda hanyarsa ta ratsa Adjamé da Treichville. Waɗannan manyan ayyuka suna da injiniyoyinsu. Damuwata tana kan ƙananan gine-ginen da mu 'yan kasuwa muke yi, wato shago da ɗakin ajiya da bene mai hawa biyu ko uku.

Mutuminmu zai yi ciniki na kwana uku a kan farashin siminti da rodi, amma da an ce ya biya a auna ƙasar da zai ɗora ginin a kai, sai ya ce ai maƙwabcinsa ya gina lafiya. To, ƙasar Abijan ba iri ɗaya ba ce. Adjamé da Attécoubé tudu ne da kwazazzabai, jar ƙasa ce mai haɗe da rairayi da yumɓu. Da rani ka gan ta kamar dutse, amma idan ruwan watan Mayu da Yuni ya jiƙa ta sai ta saki. Treichville kuwa a kan tsibiri take a cikin tafkin Ebrié, ba a nisa da haƙa ake tarar da ruwa. Harsashin da ya riƙe gini a can ba lalle ya riƙe shi a nan ba.

Idan ba a manta ba, a watan Yunin 2022 ƙasa ta zaftare a Mossikro da ke Attécoubé bayan ruwan sama, mutum shida suka rasu. A watan Fabrairun 2022 kuma wani bene da ake kan ginawa ya rufta a Treichville, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar leburori. Su wa ke shiga ramin? Yawanci ƙannenmu ne da suka zo ci-rani, masu karɓar kuɗin yini. Mita ɗaya ta ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi, ta haura tan ɗaya da rabi a nauyi. Ba sai ta rufe kan mutum ba, ta kai masa ƙirji kawai numfashi ya gagara. Shi ya sa a Faransa doka ta ce rami mai ƙunci da ya wuce mita 1.30 dole a tokare bangonsa. Katako ne da 'yan ƙarafa, kuɗinsu bai kai na ƙofar shago ɗaya ba. Haka nan ƙasar da aka haƙo, bai kamata a tara ta a bakin ramin ba, nauyinta ne ke ture bangon. Kuma bayan kowane ruwan sama a duba ko bango ya tsage kafin kowa ya sauka.

A nan mu ma da namu laifin. Da an haƙa lambatu a gaban kasuwa, sai ka ga an jera buhunan shinkafa da albasa a gefensa, mota ta zo ta tsaya tana sauke kaya daf da baki, yara na aiki a ƙasa. Wai kada a rasa wurin kasa kaya.

Akwai LBTP, hukumar da ke gwajin ƙasa da kayan gini a Kodebuwa, akwai kuma ofishin da ke ba da takardar izinin gini. Na san ana kukan jinkiri da kashe kuɗi, kuma kukan yana da tushe. Amma shugabannin 'yan kasuwarmu na Adjamé da Treichville, waɗanda ke iya tara gudummawar biki cikin yini ɗaya, za su iya ɗaukar injiniya guda da zai riƙa duba harsashin duk ɗan ƙungiya kafin a zuba kankare, a kuma hana kasa kaya a bakin rami har sai an cike shi.