Bayan an kayar da azzalumi, wa ke gadon maɓallin?

Akwai wani irin fim da ke yawo daga waya zuwa waya a fadodin samari, daga Magariya har Dungas da Bande da Sasumburum. Ana tura shi a shagon caji, a kalle shi mutum biyar a kan waya ɗaya, shayi na kan wuta. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum: wani mai mulki ya mallaki na'urar da ta fi ƙarfin kowa, tana ganin kowa, tana jin kowa, tana kisa daga nesa. Sai wasu tsirarun matasa su tashi su yi masa tawaye. Manyanmu na cewa wannan tatsuniyar Nasara ce, ɓata lokaci da ɓata caji. Mu a wannan shafi ba mu yarda ba. Amma kuma ba mu yarda da yadda samari ke tashi daga kallon suna jin cewa sun gane yadda ake kayar da zalunci ba.

Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne a Hausa. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta daga sama ta ɗauki yaro Kilba ta yi yawo da shi cikin sararin samaniya. Shekarar ce aka taka wata. Kenan tun zamanin kakanninmu akwai Bahaushen da ya zauna ya yi tunanin abin da na'ura za ta iya. Abin da ya canza shi ne, a lokacin na'urar tana can sama, yau tana cikin aljihunmu, kuma wani ne ke riƙe da maɓallinta.

Ku duba Star Wars na 1977, uban irin waɗannan finafinai. Daula ta gina wani makami mai girman wata, wanda ke iya tarwatsa duniya guda da harbi ɗaya. Ƴan tawaye suka gano ƴar kafa ɗaya a jikinsa, yaro ɗaya ya jefa harsashi a ciki, komai ya watse, aka rarraba lambobin yabo, fim ya ƙare. Daɗin kallo kam akwai shi. Sai dai hatta masu fim ɗin ba su iya tsayawa a kan wannan ƙarshen ba: a fim na 1983 daular ta sake gina wani makamin, a na 2015 magadanta suka gina wanda ya fi su duka girma. Ko da dalilinsu na neman kuɗi ne, sun faɗi gaskiya ba da niyya ba. Ilimin ƙera abin bai mutu ba, masu ƙera shi ba su mutu ba, masu kwaɗayinsa ma haka.

To mu dawo gida, mu ga namu maɓallan.

Ranar 24 ga Fabrairu 2021, kwana ɗaya bayan an faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka yanke intanet na wayar hannu a Nijar. Kwana goma. Ba a turo soja ko ɗaya Magariya don wannan aikin ba, ba a ƙwace wayar kowa ba. Umarni ne aka ba kamfanoni a Yamai, wasu ma'aikata suka zauna gaban kwamfuta suka aiwatar. Ɗan kasuwar da ke tura hoton kaya ta WhatsApp, da ɗalibar da ke Jami'ar Damagaram, da matar da ke jiran saƙon muryar mijinta daga Libiya ko Aljeriya, duk aka haɗa su da masu ƙona taya a Yamai aka yi musu hukunci ɗaya. Wata bakwai bayan haka, a Satumba 2021, aka kashe layukan waya gaba ɗaya a jihar Zamfara, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da sunan yaƙi da ƴan bindiga. Mu mutanen bakin iyaka mun san dabarar da ta rage wa talaka: layi biyu a waya, na nan da na can, in wannan rezo ya ɗauke a nemi tudu a laluɓi wancan. Iyakar da Turawa suka ja don su raba mu ita ce ta zama ƴar kafarmu, abin dariya abin kuka.

Sai Agusta 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da ƙasar ke sha. Sai a Maris 2024 aka maido. Wanda ya taɓa wannan maɓallin bai taɓa jin sunan mai niƙa ko mai walda ko mai sayar da ƙanƙara na unguwarku ba. Janar-janar ɗin da aka ce ana horarwa kuwa suna da injin wuta a gida. Duk wanda ya rayu cikin waɗannan watanni ba ya bukatar a fassara masa Hunger Games, inda babban birni ke riƙe da gundumomi 12, wannan ta haƙo gawayi, waccan ta yi noma, a ɗauke komai a bar su da yunwa da talabijin. Ɗan ƙasar da ke da yuraniyom a Arlit da fetur a Agadem amma yake karatu da fitilar waya, ai ya san wace gunduma yake ciki.

Har nan, finafinan sun yi mana amfani. Sun koya wa yaro ɗan shekara goma sha biyar ya yi tambayar da ba a koyarwa a lakwal: wannan abin da ke hannuna, wa ke iya kashe shi, wa ke iya leƙa shi? Inda suke yaudararmu shi ne wajen ƙarshe. Suna tsayawa ranar nasara, ana rungume-rungume. Ba su cika nuna washegari da safe ba, lokacin da sabon shugaba ya shiga ofis ya tarar da na'urar tana nan lafiya lau, ma'aikatanta na tsaye suna jiran umarni.

Mu kuwa washegarin muka fi sani. A 2019, zamanin Mahamadu Isufu, majalisa ta yi dokar laifukan intanet. A 2020 aka ƙara da dokar da ta halatta sauraren wayoyin mutane da karanta saƙonninsu, ƴan adawa suka fice daga zauren majalisa, masu rinjaye suka ɗaga hannu. A Yunin wannan shekarar aka kama ƴar jarida Samira Sabou saboda rubutun Facebook a kan badaƙalar kuɗin sayen makamai, ta yi kwana 48 a gidan kaso. A 2022, zamanin Bazum, aka cire hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta intanet, muka ce to madalla. Sai sojoji suka zo, jama'a da yawa suka fita suna murna, wasunmu ma har da kwana a bakin sansanin Faransa. A ƙarshen Satumba 2023 aka sake ɗauke Samira Sabou ɗin nan dai, kwanaki danginta ba su san inda take ba. A Yuni 2024 aka maido da ɗaurin da aka cire: shekara ɗaya zuwa uku a kan zagi ko ɓata suna, biyu zuwa biyar a kan yaɗa abin da aka ce zai dagula zaman lafiya. A Agusta 2024 aka kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, wanda shiga cikinsa na iya kai mutum ga rasa zama ɗan ƙasa tun kafin alƙali ya yanke hukunci.

Ku lura da abu ɗaya. Sabbin masu mulki ba su sha wahalar ƙirƙiro dokar 2019 ba. Sun same ta a ajiye, suka wasa ta. Kuma da yawa daga waɗanda suka ɗaga mata hannu a majalisa su ne yau ke waje ko ke rufe da baki suna tsoron ta. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan magana ba ta tsaya kan mutanen jiya kaɗai ba. Masu kafa kundin yau su ma wata rana za su sauka, kundin kuwa ba zai sauka tare da su ba.

Haka abin yake da ƙarfe ma, ba takarda kaɗai ba. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas. A Agusta 2024 sojojinta suka tattara suka tafi, mutane suka yi farin ciki, kuma da dalili. Amma titin jirgin yana nan, kuma ƙasashenmu da kansu sun sayi irin waɗannan jirage. Ranar 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya saki bam a kan masu Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Ba baƙo ne ya danna ba. Ɗan ƙasa ne, cikin kakin ƙasa, yana kallon ƴan uwansa a allo kamar ɗigo-ɗigo. Ga wanda ke ƙasa, tutar da ke jikin jirgin ba ta rage zafin wutar. Ko a Damagaram, barikin da Faransawa suka gina suka sa wa sunan Kazamaju yau sunan Tanimun yake ɗauke da shi. An canza suna, kuma ya dace a canza, amma bariki barikin ne.

Adalci ne a ce ba duka marubutan suka kauce wa wannan ba. A littafi na uku na Hunger Games, shugabar ƴan tawaye, da ta ga nasara ta samu, shawararta ta farko ita ce a sake shirya wasan kisan nan, wannan karon da ƴaƴan waɗanda aka kayar. Nan yarinyar labarin ta gane cewa mai riƙe da bulala kawai aka canza. Akwai kuma Nnedi Okorafor, ƴar asalin Najeriya da ke Amurka, wadda ta kafa labarinta The Shadow Speaker na 2007 a nan Nijar, cikin shekarar 2070. Mahaifin yarinyar labarin azzalumin sarki ne, wata jaruma ta sare masa kai a gaban jama'a. A wani fim nan za a tafa a tashi. A wannan littafin nan ne farkon tafiya, don jarumar da ta ƴantar da gari ita ce kuma aka koma ana bi don a hana ta jawo yaƙi. A littafinta Noor na 2021, wanda ya faru a arewacin Najeriya, azzalumin ma ba shugaban ƙasa ba ne, kamfani ne da ya mallaki wuta da abinci da labarai, ɗaya daga masu guje masa kuwa makiyayi ne Bafulatani da shanunsa. Abin takaici, da Ingilishi aka rubuta su. Ana ba da labarin ƙasarmu a shekarar 2070, mu da ke cikinta a yau mafi yawanmu ba za mu iya karantawa ba.

Wani zai ce: to me kuke so, a bar ƙasa ba tsaro? Ƴan bindiga na amfani da waya, masu yaɗa ƙarya na amfani da Facebook, gwamnati ta naɗe hannu? Ba mu ce haka ba, kuma wanda ya taɓa biyan kuɗin fansa ba za mu yi masa wa'azin ƴanci daga inuwa ba. Abin da muke cewa ƙarami ne. In za a saurari wayar mutum, alƙali ya sa hannu, ba ofishin wanda ke mulki ba. In za a yanke rezo, a fito da takarda a rubuce, da sunan wanda ya ba da umarni da ranar da za a maido. In an sa sunan mutum a kundi, a gaya masa, a ba shi ƙofar da zai je ya kare kansa. In jirgi ya kashe masu Mauludi, a faɗi sakamakon bincike a fili. Kuma wannan bukata ɗaya ce ko farar hula ke sama ko soja, ko wanda muke so ko wanda ba mu so. Wallahi wurin da aka fi kasawa kenan: in naka ne ke riƙe da maɓallin, sai ka ji bakinka ya yi nauyi.

Ga marubutanmu kuma, musamman ƴan uwa mata da ke rubuta littattafai babi-babi a WhatsApp, dubban mutane na bin su dare da rana. Kun iya riƙe mai karatu, wannan ba a ja da ku. Muna roƙon ko mutum ɗaya a cikinku ta gwada wannan fage da Hausa, kuma kada ta ɗauko mana birnin Amurka ta liƙa masa sunan Kano. Ta kafa labarin a Magariya ta shekarar 2060, inda ba a sayen gero a kasuwa sai an duba ƙwayar idonka, inda rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai katinka na da izini. Kada ta ba mu zaɓaɓɓen yaro mai baiwa da zai zo ya cece mu, irinsa mun gaji da jira. Ta ba mu ƙaramin ma'aikacin kamfanin waya, mai mata ɗaya da ƴaƴa huɗu da bashin haya, wanda aka kira da ƙarfe biyun dare aka ce ya kashe eriyar garinsu, alhali ya san ƙanwarsa na naƙuda a ƙauye kuma waya ce kaɗai hanyar kiran mota. Ta kai mu har ranar da aka kayar da masu mulkin, a yi kiɗa a yi guɗa. Sannan ta ƙara babi ɗaya: bayan wata shida, ƙarfe biyun dare, wayar ma'aikacin nan ta sake ƙara, muryar da ke ciki kuwa ta abokinsa ce da suka yi tawayen tare.