Dashen Ƙoda da Haƙƙin da Ke Wuyan Dangi

Tun shekarar 1954, lokacin da likita Joseph Murray ya dasa wa wani saurayi ƙodar ɗan'uwansa a birnin Boston na Amurka, aikin kuwa ya yi nasara domin su biyun tagwaye ne masu kama ɗaya, masana ilmin ɗibbu suka sakankance cewa babbar mushkilar dashe ita ce garkuwar da Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam, wadda ba ta karɓar baƙo ko da alheri ya zo da shi. Saboda haka duk wanda aka yi wa dashe, a Indiya ne ko a Masar ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka soma wannan aiki a 2002, wajibi ne ya lizimci magungunan da ke danne wannan garkuwa, irin su Tacrolimus ko Ciclosporin, haɗe da Mycophenolate da Prednisolone, muddin ƙodar tana jikinsa.

Magungunan nan ni'ima ce mai tafe da illa. Tacrolimus kan sa hannu rawa, ya kan kuma zama sababin ciwon sukari. Ciclosporin kan kumbura dasashi ya ta da hawan jini. Su biyun kuwa in suka yi yawa a jini sai su lahanta ƙodar da ake tsarewa, dalilin da ya sa ake yawan auna jinin majinyaci ke nan. Mycophenolate na iya nakasa ɗan tayi, don haka macen da ke fatan haihuwa sai ta shawarci likita tun kafin ta samu ciki. Mafi haɗari dai shi ne cututtuka su sami ƙofa a buɗe, har zazzaɓin da wani zai kwana ya tashi da shi ya zama lalurar garzayawa asibiti.

A nan ne nake ganin ƙaunarmu kan cutar da majinyaci, alhali ba mu sani ba. Dubiya sunna ce, ba mai musu. Amma wanda ya taɓa ganin ɗakin majinyaci ranar da aka sallamo shi, takalma jibge a bakin ƙofa, kowa na miƙa hannu a yi musafaha, wannan na tari, waccan goye da yaro mai ƙarambau, ga wata gwaggo ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin garin magani tana rantsuwa shi ya warkar da wane, zai fahimci cewa addu'a daga nesa ta fi maslaha a watannin farko. Garin maganin nan ba wanda ya san yadda zai yi da Tacrolimus a cikin hanta. Haka Diclofenac da Ibuprofen da ake saye a kemis, ƙoda suke ci. Hatta Rifampicin na tarin fuka, da yake magani ne ingantacce, yana rage ƙarfin Tacrolimus har jiki ya ƙi ƙodar, sai fa likitan dashe ya san da shi ya gyara awo.

Batun ibada ya fi nauyi a zuciya. Maganin da aka ƙayyade masa sa'a goma sha biyu tsakanin sha da sha, ga ƙodar da ba ta jure ƙishirwa, ba su dace da yinin azumi a bazararmu ba, musamman a shekarar farko bayan dashe. Shari'a kuwa ta yi wa mara lafiya rangwame, fuƙaha'u sun yi bayanin ramuwa da ciyarwa, bai kamata surutun makwabta ya hana mutum karɓar sauƙin da Ubangijinsa Ya yi masa ba. Maniyyaci kuma ya sani cewa allurar rigakafin shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai shan irin wannan magani. Ya je wurin likitansa tun kafin ranar allurar maniyyata, ya karɓi takardar uzuri.