Sabon Furosesa Ba Ya Maganin Ɗaukewar Wuta

Akwai wata shawara da ta zama kamar karatun haddar yara a bakin masu sayar da kayan kwamfuta da masu sharhi a YouTube: duk mai son haɗa kwamfutar gem ya sayi sabon dandali, domin zai daɗe yana cin moriyarsa. Shawarar tana da ma'ana a Amurka da Jamus, inda aka ƙirƙire ta. Amma ga matashin Ƙanƙara da ke shirin buɗe gidan gem, ko uban da ya kai masara kasuwar Dandume don ya saya wa ɗansa na'ura, bin ta ido rufe asarar jari ce.

Dandali shi ne furosesa da babban allon da yake zama a kansa da irin ram ɗin da allon ke karɓa. Ukun nan tare suke tafiya. Kamfanin AMD ya fitar da dandalin AM4 a 2016, mai aiki da ram na DDR4, sannan ya kawo AM5 a Satumbar 2022, wanda ba ya karɓar komai sai DDR5. Intel kuwa ya fitar da LGA1700 a 2021, mai alluna iri biyu, na DDR4 da na DDR5, kafin LGA1851 na Oktobar 2024 ya rufe ƙofar DDR4 gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya zaɓi sabon dandali kuɗi uku zai biya a sabon farashi: na furosesa, na allo, na ram.

Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Kafin gwamnati ta saki naira a Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Tazarar dala ɗari da ɗan Amurka zai kira 'yar kaɗan ta zama, a farashin wancan lokacin, sama da naira dubu ɗari da hamsin a hannun ɗan Faskari. Kuɗin nan kuwa daga wani wuri za a yanko su, kuma kusan kullum daga katin hoto ake yankowa, alhali shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin wasa. Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, dukansu na 2022, masu ƙwaya shida, idan aka haɗa su da kati mai kyau, sun fi sabon furosesa da aka ɗaura wa kati marar ƙarfi. Wasan ƙwallon EA Sports FC 24 ma, mafi ƙarancin abin da ya nema a ɓangaren AMD shi ne Ryzen 5 1600, furosesan 2017. Yaron da ya biya kuɗin wasa allon talabijin yake kallo, bai damu da shekarar da aka ƙera abin da ke cikin akwatin ba.

Babbar hujjar masu sabon dandali ita ce gaba. AMD ya yi alkawarin ci gaba da tallafa wa AM5 har 2027 ko fiye, don haka wanda ya saya yau zai iya sauya furosesa kaɗai nan gaba. Gaskiya ne, kuma gaskiya ne cewa AM4 ya zo ƙarshen hanyarsa. Sai dai wannan sayen kifi ne a ruwa: a biya yau saboda canjin da za a yi bayan shekara uku, da kuɗin da ba a san darajarsu a ranar ba, ga na'urar da ba a tabbatar za ta kai lokacin da ranta ba.

A nan ne masu sharhin waje ba su da abin cewa, domin abin da ke kashe kwamfuta a kudancin Katsina ba tsufan furosesa ba ne. Wutar KEDCO ce da ke zuwa ta tafi ba sallama, da janareton da man sa ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023, da ƙurar hunturu, da zafin Afrilu. Allon AM5 da ya ƙone a hawan wuta daidai yake da na AM4 da ya ƙone, bambancin kawai a kuɗin maye gurbinsa. Mai hankali zai ware kuɗin sitabilaiza da UPS da ingantaccen akwatin wutar kwamfuta kafin ya yi zancen ƙarni na nawa. Furosesa mai wat 65 kuma ya fi sauƙi ga batir da sola.

Sabo ma ba ya nufin lafiya. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na ƙarni na 13 da na 14 suna samun matsala saboda yawan ƙarfin wutar da suke ja, ya ƙara musu garantin shekara biyu. Mutumin Sabuwa da ya sayi kayansa a Farm Centre ko Beirut Road a Kano ya san nisan da ke tsakanin wannan garanti da shagonsa. Kayan da ya shekara da shekaru a kasuwa an san halinsa, masu gyara sun saba da shi, ana kuma samun na hannu idan wani abu ya lalace. Haka batun intanet: a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na tsawon watanni. Wanda ya ga wannan ya san cewa na'urar da za ta riƙe shago ita ce mai wasannin da ke tafiya ba tare da layi ba, kuma irinsu ba sa neman DDR5.

Amma araha ba ta ado, kuma akwai rami a ɗaya ɓangaren. Kasuwa cike take da tsofaffin kwamfutocin ofis na ƙarni na 3 da na 4 da ake liƙa wa kati a kira su na gem. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ya karɓar Intel ƙasa da ƙarni na 8 ko Ryzen ƙasa da jerin 2000. Mai sayar da irin wannan na'ura ba tare da bayani ba cutar mai saye yake yi, kamar yadda mai tura shi ga AM5 yake cutarsa ta wata fuskar.

Farashin DDR4 shi ma ya tashi a 2025 bayan manyan kamfanoni sun fara rage ƙera shi, don haka lissafin ranar saye shi ne alƙali. A rubuta jimillar furosesa da allo da ram na kowane dandali a takarda ɗaya. Idan tazarar ba ta taɓa kuɗin kati da na kariyar wuta ba, sabon dandali ya halatta. Idan ta taɓa, a tsaya ga AM4 ko LGA1700 mai DDR4, a kuma sa mai kaya ya kunna na'urar ya gwada ta a gaban mai saye kafin a ƙirga masa ko naira ɗaya.