A Ajiye Sanda, A Ɗauko Dusa

'Yan'uwana ɗalibai, me ya sa muke jibgar jaki idan ya ƙi tafiya? Duka tsoro kawai yake koya wa dabba.

Ku dubi masu kiwon tantabaru a nan Horo Birni. Gero da ruwa suke ajiye musu, shi ya sa komai nisan da suka yi sai sun dawo gida. Ragon layya ma mai ba shi dusa yake bi.

Ga shawarata: kullum ka kira dabbarka da suna ɗaya. Da zarar ta zo, miƙa mata harawa ko ƙuliƙuli nan take, don ta gane dalilin kyautar. Jakin da ke ɗauko mana ruwa ya cancanci wannan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.