Ka Gwada Gonarka a Takarda Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Tambayar da ta fi yawa a wurin masu son fara kiwo ita ce: "In na zuba kaji 100, nawa zan samu?" A ganina wannan lissafi na cire kuɗin saye daga kuɗin sayarwa shi ke karya sababbin masu kiwo. Yana nuna maka riba a ƙarshe, amma ba ya gaya maka ranar da aljihunka zai bushe a tsakiya.

A jami'a an koya mana kwaikwayon tsari a kwamfuta, wato ka gina gonar gwaji, ka tafiyar da ita, ka ga inda za ta karye. Akwai hanyoyi biyu da littafi da biro ma sun ishe ka.

Ta farko, bin aukuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka jera su da kwanan wata: isowar 'yan tsaki, rigakafin Gumboro da Lasota, sauya abinci, sai sayarwa a sati na 6 zuwa na 8. A gefen kowace ka rubuta abu uku: kaji nawa suka rage, buhu nawa ya rage, kuɗi nawa ke hannu. Buroila ɗaya kan ci kilo 4 zuwa 5 kafin ta isa kasuwa. Kaji 100 ke nan buhu 16 zuwa 20 mai kilo 25, kuma yawancinsu a makonnin ƙarshe za su tafi. A nan mutum zai ga kuɗinsa sun ƙare a sati na biyar, kaji na kuka, sai ya sayar a wulaƙance. Mai tarwada ma haka: ranar tacewa, ranar sauya ruwa, ranar kwashewa.

Daga nan sai ka jefa tsautsayi da kanka. Motar abinci daga Birnin Kebbi ta makara kwana uku. Dillali ya ce sai wani mako. Kogin Kwara ya yi ambaliya irin ta 2020, hanya ta yanke. Mu na Bagudo akwai ƙari, wato boda. An rufe iyakoki a Agusta 2019, aka fara buɗewa a Disamba 2020, kuma shigowar kajin kankara daga Kwatano ko tsayawarsu na taɓa farashin namu. Wanda ke kusa da Tsamiya ko Lolo ya yi lissafinsa sau biyu, da boda a buɗe da kuma a rufe.

Ta biyu, zanen gida-gida, dabarar da wani masanin lissafi ɗan Ingila, John Conway, ya shahara da ita a 1970. Ka zana unguwarku kamar gurbin dara, kowane gida mai kaji gurbi ɗaya. Ka sa doka: gidan da ya kamu zai shafa wa maƙwabtansa bayan kwana biyu. Ka ɗiga cutar Niyukasul a gurbi ɗaya, wadda ke share kajin gida da hunturu, ka ƙirga kwanakin da za ta iso kejinka. Sai ka ƙara doka ɗaya: kwandon dillali da ya dawo daga kasuwa na iya tsallake gurbi goma. Za ka ga kwando da takalmin baƙo sun fi maƙwabci haɗari. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006 ba ta daɗe ba ta kai jihohi masu nisa. A kiwon kifi, koma ɗaya da ake sawa a kowane tafki ita ce kwandon.

Wani zai ce, "Malam, ai arziki na Allah ne." Haka ne, kuma takarda ba ta san gobe ba. In ka ba ta farashin bara, ƙarya za ta yi maka, don haka ka je kasuwa ka tambayi na yau. Amma kazar da ta mutu a takarda ba ta cin ko sisi.

Shawarata ita ce: in tsarinka bai jure mutuwar kaji 10 da jinkirin sayarwa na mako ɗaya ba, ka fara da 50. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.