Algus a Man Shafawa

Jama'a, a kasuwannin Batsari da Safana ana sayar da man shafawa a kwalba marar suna, wai haɗin gargajiya ne: man kaɗe, kurkum da ganyen bedi. Bedi daga Indiya ya zo, can ma maganin fata ne, ba ma musu. Amma kurkum ba ya mai da baƙa fara cikin kwana 10. In ta yi fari, wallahi man bilicin aka zuba, irin wanda NAFDAC ta yi kashedi kansa a 2023. Shi ke cinye fata, ya bar tabo a kumatu. Amaren Darini ke saye da kuɗinsu. Muna roƙon sarkin kasuwa ya tilasta mai haɗawa ya faɗi abin da ya zuba.